Ranar da Baba Yohanna Bai Ɗaga Waya Ba

Har yau ban manta da ranar da na yi ta kiran Baba Yohanna, wayar tana shiga amma ba a ɗagawa. Ku ƙannena da kuka shigo wannan aiki a bayana, na ga wasunku sun fara koya wa mutane yadda ake ciyar da jariran dabbobi, shi ya sa na ga ya dace ku ji wannan labari daga bakina.

Sunana Rifkatu. Daga Filato na fito. A can na karanta kiwon lafiyar dabbobi, na yi aiki da shanu da awaki, kafin aure ya kawo ni Maryland a Amurka. Da na zo sai da na koma aji, na sake jarrabawa, sannan na samu aiki a wani gidan ceton dabbobi kusa da Hyattsville. Ga wanda bai san tsarin irin wannan wuri ba, likitan dabbobi ne a sama, shi ke yanke hukunci kan magani da tiyata. A ƙarƙashinsa akwai mu mataimaka, masu allura da ɗaukar jini da tsayawa a ɗakin tiyata. Sai masu kula da keji, sai kuma 'yan sa-kai da ke karɓar dabba su riƙe a gidajensu kafin a samu mai ɗauka. Likitarmu a lokacin wata Ba'amurkiya ce, Dakta Ellen, mace mai ƙarancin magana wadda ba ta yi wa kowa alkawarin da ba ta da tabbas a kansa.

A tsakiyar hunturu ne, bayan bukukuwan sabuwar shekara, wani mutum ya shigo da kwali ya ce ya tsince shi a gefen bola. A ciki akwai ɗan kwikwiyo ruwan ƙasa, ko idonsa bai buɗe ba, jikinsa sanyi ƙalau. Dakta Ellen ta buɗe bakinsa ta haska tocila, ta kira ni in leƙa. Rufin bakinsa na sama, wato ganɗa, a tsage yake tun daga gaba har can ciki. Da haka aka haife shi, kuma mai yiwuwa shi ya sa aka yar da shi.

Matsalar irin wannan ɗan kwikwiyo ita ce ba ya iya tsotso. Duk abin da ya shiga bakinsa sai ya bi ta tsagar ya hau hanci, daga nan ya gangara huhu. Madara kuwa in ta shiga huhu, ciwo ne mai kisa. Don haka ba a ba shi nono a kwalba, ba a ba shi a cokali. Siririyar roba ake zura masa ta baki har cikin tumbi, a tura madarar da sirinji a hankali, kusan duk bayan awa uku, dare da rana. In ya rayu ya yi ƙwari, bayan wasu watanni sai a yi masa tiyata a ɗinke wurin.

Mu kuma ba mai kwana a wurin aikinmu, 'yan sa-kai duk hannunsu a cike yake. Na tafi da shi gida na ɗan lokaci, amma gidan haya nake, an hana dabbobi, ga goyo ina yi. Dakta Ellen ta kira ni ofis ta ce in ba a samu mai riƙo ba zuwa ƙarshen mako, dole mu yi maganar allurar da ake yi wa dabba ta mutu ba tare da ta wahala ba. Na ce to.

Ana cikin haka Baba Yohanna ya zo. Dattijo ne ɗan kudancin Kaduna, coci ɗaya muke zuwa. Ya yi shekaru yana tuƙa motar 'yan makaranta kafin ya yi ritaya, matarsa ta rasu a shekarar da ta gabata, yana zaune shi kaɗai a Largo. Tsohon kare ya zo nema, wanda za su riƙa zama tare. Sai ya tarar da ni ina ciyar da ɗan kwikwiyon.

"'Yata, me ya same shi kike ɗura masa abinci ta roba?"

Na yi masa bayani. Ya tsaya yana kallo har na gama, sannan ya ce, "Ku ba ni shi."

"Baba, wannan ba irin wanda kuka zo nema ba ne. Ba zai bar ku ku yi barci ba."

"Barci ai ya daɗe da barina," in ji shi. "Gara in tashi saboda wani abu da in kwanta ina kallon silin."

Dakta Ellen ba ta so ba. Ta ce mutum ya haura saba'in, kuma shi kaɗai ne a gida. Na roƙe ta ta bari ya gwada. Ƙa'idarmu a irin wannan ita ce riƙo kafin mallaka: dabbar tana nan a matsayin tamu har sai ta warke, in muka ga ba a iya kula da ita muna da ikon karɓewa. Kuma sai mai riƙon ya koyi ciyarwa a gabanmu, ya kawo mutum na biyu da zai tsaya masa in wani abu ya taso.

Baba ya yi ta zuwa kullum. Na koya masa auna robar daga bakin ɗan kwikwiyon zuwa haƙarƙarinsa na ƙarshe, a sa alama da filasta. Na koya masa cewa in robar tana ciki kuma ɗan kwikwiyon yana iya kuka da ƙarfi, alama ce mai kyau, ba ta bi hanyar numfashi ba. In ta tsaya kafin ta kai alamar, ko ya fara tari, a zare a sake. Hannun Baba ba sauri, amma ba ya kuskure. 'Yarsa Ladi, wadda nas ce a Germantown, ta zo a matsayin mutum na biyu, ita kam sau ɗaya aka nuna mata. Dakta Ellen ta yarda. Baba ya sa masa suna Auta, Ladi tana dariya tana cewa an ƙwace mata matsayi.

Kowace safiya nakan kira shi ya gaya mini abin da sikeli ya nuna. Auta ya buɗe ido, ya fara rarrafe, ya fara nauyi. Sai rasuwa ta taso a dangin mijin Ladi, suka tafi Najeriya. Na ce wa Dakta Ellen ni zan tsaya a madadin Ladi har ta dawo.

Ranar da nake ba ku labari, an kwana ana ruwan nan da yake daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa. Gari ya waye komai ya zama gilashi. Na kira Baba da na isa wurin aiki, bai ɗaga ba. Na ce ko yana wanka. Muka shiga tiyatar wata kyanwa, da muka fito na sake kira. Shiru. Baba Yohanna mutum ne da in ka kira shi, kafin wayar ta yi ƙara biyu ya ɗaga. Na shiga tiyata ta biyu hankalina ba ya jikina, har Dakta Ellen ta nemi almakashi na miƙa mata wani abu daban. Ta ɗago ta dube ni ta saman takunkumi. Na gaya mata.

"Yaushe rabon da ɗan kwikwiyon ya ci abinci?"

"Ban sani ba, Dakta."

"In mun rufe wannan, ki tafi."

Na ɗauki jakar aiki na kama hanyar Largo. Motocin zuba gishiri don narkar da ƙanƙarar titi suna gaba, kowa yana tafiya kamar mai tallan ƙwai. Tunani iri biyu ke cina. In Baba ya faɗi a cikin gida, ba mai jin sa. In kuma Auta ya wuce lokacin abincinsa da yawa, sukarin jininsa zai sauka, jikinsa ya yi sanyi. Ina tuƙi ina kira, wayar tana ta ƙara a banza.

Gidajen unguwar su Baba a jere suke, bango ɗaya ke raba kowane da na kusa. Motarsa tana nan a ajiye, ƙanƙara ta rufe ta. A bakin matakala na ga kwandon shara a kife, takalmin roba ƙafa ɗaya a gefe. Na hau a hankali na buga ƙofa.

Wata mata ce ta buɗe, babba, sanye da hijabi, hannuwanta cikin safar roba ta wanke-wanke. Da ta ga rigar aikina sai ta fara haɗa Turanci da ƙyar. Na ji harshenta na ce, "Sannu, Hajiya. Ina Baba?"

"Alhamdu lillahi, kina jin Hausa! Shigo, ɗiyata, shigo maza."

Sunanta Hajiya Zeinabu, 'yar Maraɗi ce, maƙwabciyar Baba. Atamfa da turaren wuta take sayarwa a gida, mijinta direban babbar mota ne, yana can wata jiha. Ta ce da sassafe ta ji ihu, ta leƙo ta ga Baba a ƙasa, ya fito da shara santsi ya kwashe shi, hannunsa na dama ya karye. Ita ta kira motar asibiti. Suna ɗaga shi yana miƙo mata makulli yana cewa ta duba masa yaronsa. Salularsa kuma tana nan kan tebur a ɗakin sama, tana jin ƙararta amma ba ta ga ya dace ta hau ɗakin kwanan namiji ba.

"Ina ɗan kwikwiyon?"

Ta kai ni kicin. Auta yana cikin kwandonsa a kan bargon lantarki. A kan tebur na ga kofi, da ƙaramin cokali a ciki.

"Hajiya, kun ba shi wani abu?"

"Kuka yake ta yi, ɗiyata, kuka kamar jinjiri. Ni tun da nake ban taɓa taɓa kare ba. Amma mutum ya bar mini amana, in zauna ina jin sa? Na ga robar nan, na ji tsoro. Sai na samu madararsa a firji, na ɗumama, na ba shi kaɗan-kaɗan a cokali. Sai na ga tana fitowa ta hanci. Na bari. Ya daina kukan, na ce ko ya ƙoshi. Amma ki ji yadda yake yi."

Ban ma sa abin sauraron ƙirji ba na ji. Numfashinsa yana fita da wata ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Na ɗaga leɓensa, dasashinsa ya yi fari. Na juya shi kansa ƙasa-ƙasa, na share masa hanci, na zuƙe abin da zan iya da ɗan famfon roba. Na kira Dakta Ellen, ta ce in kawo shi yanzu, za ta shirya akwatin iskar oksijin.

"Mi ya faru?" in ji Hajiya. "Ki gaya mini gaskiya. Ni na yi mishi lahani?"

"Madarar ta shiga huhunsa, Hajiya. Bakinsa a tsage yake ta ciki. Ba yadda za a yi ku sani."

Ta dafe bango. Ni kuma ga wata matsalar: ba zan iya tuƙi a kan ƙanƙara ina duba shi ba, kuma yana bukatar a riƙe shi ƙirjinsa a ƙasa, cikin ɗumi. Na dube ta, ban san yadda zan roƙe ta ba. Ita ta riga ni. Ta jawo tawul ta shimfiɗa a hannuwanta ta ce, "Aza shi nan. Mu tahi."

Wannan tafiya ba ta da nisa a ranar da hanya take lafiya, amma ran nan ji na yi kamar ba za ta ƙare ba. A kan babban titin da ya zagaye Washington wata mota ta juya ta tare layi, muka tsaya cik. Hajiya tana gefena, Auta a cinyarta, ta sunkuya a kansa tana gaya mini, "Yana yi. Yana yi. Ga cikinsa yana ɗagawa." In ta faɗa sai in saki nawa numfashin. Can sai na ji ta yi shiru.

"Hajiya?"

Ta gefen ido na ga tana murza bayansa da yatsa biyu, bakinta yana motsi.

"Hajiya, ku yi magana!"

"Ki duba hanya, ɗiyata. Ki tuƙa kawai."

Ban iya juyawa ba, domin layin ya fara motsi, ga santsi. Sai na ji wani ɗan tari, ƙarami, sannan muryarta: "Ya dawo. Yana yi."

Muna isa Dakta Ellen ta karɓe shi a bakin ƙofa. Aka sa shi a akwatin oksijin, aka ɗauki hoton ƙirji, aka fara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Hoton ya nuna gefe ɗaya na huhun ya yi hazo. Na tambaye ta yadda take gani. Ta ce ba za ta ce zai rayu ba, ba za ta ce zai mutu ba. Ta sa a kai shi asibitin dabbobin da ake kwana da marasa lafiya. Sannan ta ja ni gefe ta ce ko ya tashi, mai karyayyen hannu ba zai iya zura roba ba, don haka riƙon Baba ya ƙare, kuma har yanzu ba mu da wani mai riƙo. Ta ce ni zan gaya masa.

Da la'asar muka je asibitin da aka kwantar da Baba, ni da Hajiya. An naɗe hannun, an ce sai an sa masa ƙarfe. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Auta fa?"

Na gaya masa komai, ban rage ba. Hajiya ta durƙusa a gefen gadon ta ce, "Malam Yohanna, ka gafarce ni. Ka ba ni amana na ɓata."

"Tashi, Hajiya, don Allah. Ni na ce ki duba shi, ban gaya miki yadda ake yi ba. Da ba ki fito ba ma, da har yanzu ina kwance a waje." Ya juyo gare ni. "In ya tashi za ku dawo mini da shi?"

Na ce, "Baba, da wane hannun za ku ciyar da shi?"

Ya dubi hannun, ya juya fuskarsa bango. Na taɓa gaya wa mutane da yawa cewa dabbarsu ta mutu, amma ban taɓa fita daga ɗaki da nauyin zuciya irin na ran nan ba.

Kwanakin da suka biyo baya, duk wayar da ta shigo sai in ɗaga da sauri, ko daga asibitin dabbobin ne. Zazzaɓin Auta ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Sai wata safiya aka ce an cire shi daga oksijin kuma yana numfashi da kansa. Aka dawo mana da shi ya rame, amma yana kukan yunwa da ƙarfi. Murnar ba ta yi nisa ba, domin tambayar tana nan: wa zai riƙe shi?

A ranar, wajen azahar, aka ce ina da baƙuwa. Hajiya Zeinabu ce. Ta hau jirgin ƙasa daga Largo, ta canja, ta hau bas, a cikin wannan sanyi. Ta fito da sabuwar safar hannu daga jaka.

"Ki koya mini robar nan."

"Hajiya, ba wanda ya ɗora muku laifi. Ba dole ba ne."

"Ban ce ina son kare ba," in ji ta. "Ba zai shiga gidana ba, ba zai taɓa tufafin sallata ba. Na yi magana da maigidana, ya ce maƙwabci yana da hakki. An sallamo Malam Yohanna, tun jiya bai ci kome ba, yana zaune yana kallon kwando. Shi yana da sani ba hannu, ni ina da hannu. Ki koya mini."

Na fassara wa Dakta Ellen. Ta daɗe tana kallon Hajiya, sannan ta ce ƙa'ida ɗaya ce ga kowa, sai ta koya a gabanmu. Karon farko da Hajiya ta riƙe robar, gumi ne ya keto mata a goshi. Robar ta tsaya a hanya, ta zare da sauri tana salati, ta ce ba za ta iya ba. Ta fita waje ta sha iska, ta dawo ta sake. Da ta kai alamar filasta, Auta ya tsala kuka, sai ta dube ni a firgice. Na ce wannan kukan shi muke so. Ta tura madarar a hankali, ba ko ɗigo a hanci.

Sai da ta yi ta zuwa har Dakta ta gamsu, ta yarda a mayar da Auta gidan Baba. Sa'ar da muka yi, lokacin Auta ya girma har ba ya bukatar ciyarwar tsakar dare. Tsarin da suka yi shi ne, Hajiya ta shigo gidan Baba bayan sallar asuba da wani tsohon zane da ta ware don wannan aiki, Baba ya riƙe Auta da hannun hagu, ita ta zura robar. Haka suka yi har Ladi ta dawo, har Auta ya fara haɗiyar busasshen abinci ƙanana-ƙanana yana shan ruwa daga kwalbar da ake rataya wa zomaye. Duk wannan lokaci ban daina kira da safe ba, sai dai yanzu lamba biyu nake da ita.

An yi wa Auta tiyata da rani. Ɗinkin ya kama, sai wani ɗan rami da ya rage can baya, wanda har yau yake sa shi atishawa in ya sha ruwa da gaggawa. Bayan ya warke Baba ya sa hannu, Auta ya zama nasa. Hajiya kuwa ba ta canja ba, in ya nufo ƙofarta korarsa take yi. Amma in ta ji tarinsa ta bango, ni take kira kafin Baba ya kira.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki muna koyar da mai ɗauka, mu koyar da ɗan'uwansa da ke wani gari, mu ɗauka mun gama. Amma ranar da abu zai faru, wanda ke bayan bango shi ne zai fara isa, kuma zai yi abin da tausayi ya nuna masa da abin da ya samu a kicin. Tun daga lokacin, duk wanda zai karɓi irin wannan ɗan kwikwiyo a hannuna sai na tambaye shi wa zai miƙa wa makullin gidansa in an ɗauke shi ba shiri. In ya faɗi suna, sai in ce ya zo mini da shi. Wasu suna cewa maƙwabcinsu ba ya son karnuka, ba zai zo ba. Nakan ce su dai gaya masa. Yawancinsu suna zuwa.